Badukun Jirgi Mai Wutsiya Biyu

Bani Harisa, Madina
12 ga Rabi'us Sani, 1446

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Yaya ƙafar mahaifinki, Kawu Ɗan'inna? Mu nan lafiya, sai Ummi. Har yanzu sau uku a mako nake kai ta mustashfa, wato asibiti, wankin ƙoda. Ranar da aka yi ba ta iya magana sosai, washegari kuma sai ta tashi tana faɗa da kowa, a nan muke gane da sauƙi.

Kin tambaye ni me ya sa ba na turo murya a waya kamar kowa. Na gwada. Hausata a baki takan gudu ta bar ni da Larabci a tsakiyar magana. A takarda ina iya tsayawa in nemo kalma. Ki yi haƙuri da hoton rubutuna.

Tun da kika ce Kawu zai zo Umra a Rajab, Ummi ba ta da wata magana sai tasa. Shekararta saba'in da biyu, ba ta taɓa ganin yayanta ba, alhali ubansu ɗaya. Ban gaya mata abin da ya ce ba, wato zai gaida Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya koma masaukinsa, ba zai taka gidan 'ya'yan Ashafa ba. Likita kuma ya ce mini kada mu riƙa ɗaga abu zuwa baɗi.

Na yi tunani, watakila Kawu bai san wane ne mahaifinsa ba, abin da ya sani kawai ya tafi ya bar shi a goye. Ni ma ban riski Kaka Ashafa ba, ya rasu shekara guda kafin a haife ni. Amma tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana, kuma wata huɗu ke nan na buɗe wani littafi dabam don labarinsa. Idan na tashi daga sito na otal a Anbariyya, sai in zauna gefen Ummi in yi ta tambaya, sannan in duba abin da aka rubuta game da Yaƙin Duniya na Biyu.

Ummi ta ce Kaka baduku ne daga unguwar Dukawa, Turawa suka ɗauke shi aiki a filin jirgi na Kano yana ɗinka wutsiyar jirgi. Da farko na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Wa ke ɗinka ƙarfe? Ashe gaskiyarta. Ta ce jirgin injinsa biyu, wutsiyarsa biyu, da taya a ƙarƙashin hanci. Na kwana biyu ina gwada hotuna kafin in tsaya a kan guda: B-25 ne, na Amurka, mai jefa bam, matsakaici. Jikinsa ƙarfe ne, amma sassan wutsiya da na fiffike masu motsi, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, yadi ne aka lulluɓa a kan firam, aka ɗinke, aka shafe da wani ruwa ya yi tauri. Tsakuwar filayenmu takan yaga yadin. Idan ɗinki ya saki a sama, mutum biyar ko shida ne a ciki.

Yaya, kusan dubu goma aka ƙera. Ingila ta karɓi wajen ɗari tara, Rasha sama da ɗari takwas. Mutanen Holan da aka kora daga ƙasarsu sun yi yaƙi da shi, haka Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, da Sin, da Ostireliya, da Birazil. A 1942 wasu sun tsallako teku suka ratsa Afirka zuwa Masar, suka shiga yaƙin hamada da aka kori Jamus. Hanyar da jiragen lokacin suke bi ita ce Kano, Maiduguri, Injamena, Jinaina, Fashir, Hartum. Ki duba da kyau, hanyar alhazan ƙafa ce sak.

Ban sami takarda mai sunan Kaka ba, kuma ba na jin akwai. Amma wallahi da na gama haɗa wannan, sai da na tashi tsaye a sito ni kaɗai. Basillar kakanmu ta shiga wannan aiki. Ummi ta ce har ya rasu bai taɓa nadamar abin da ya yi ba.

Don Allah ki karanta wa Kawu. Idan da kuskure, nawa ne.

Ƙaninki,
Balarabe

*

Bani Harisa, Madina
6 ga Jimada Ula, 1446

Yaya Murja,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, musamman Kawu.

Yau kwana ashirin da huɗu. Waya ta nuna kin buɗe hoton tun ranar da na turo. Na sake karanta kwafin da na ajiye sau uku, ban gane inda na ɓata ba, amma na san na ɓata. Ko lissafin jiragen ne ya yi yawa? Matata ta ce wasiƙata ta yi kama da takardar kayan sito.

Ummi ta sa an sauke labulen falo an wanke. Jiya ta tambaye ni ko Kawu yana cin yaji. Na ce zan tambaya. To, na tambaya.

Balarabe

*

Dukawa, Kano
21 ga Nuwamba, 2024

Balarabe ɗan mace,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Baba da sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Ka gaida Gwaggo Safiyyatu, Allah ya ba ta lafiya. Yana cin yaji, har ya fi ƙarfin likita.

Matarka ta fi ka hankali, ka riƙe ta da kyau. Kai da aka ce ka lallashi tsoho sai ka aiko masa da ƙidayar jirage? Na yi shiru ne don ban san yadda zan faɗa maka ba, ga shi kai abu kaɗan sai ka shiga zargin kanka.

Na karanta masa bayan la'asar. Yana ta saurare, wurin ɗinkin wutsiya ma har ya ce, “Ɗinkin ɓoye zai yi masa, shi ne ba ya kama iska.” Ka san shi ma sana'ar ya yi shekara hamsin. Da na zo kan ƙasashen nan, sai ya ce, “Jirgi ya san hanyar ƙasa bakwai, mai ɗinka shi bai san hanyar Dukawa ba?” Da na karanta cewa bai taɓa nadama ba, sai ya ce in naɗe takardar. Na ce, “Baba, aikin yake nufi.” Ya ce, “Na ji Hausa, Murja.” Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Tun da kai mai son kwanan wata ne, bari in ba ka namu, don na lura ku a can rabin labarin kuka sani.

An haifi Baba da damina a 1942. Yana da wata biyar aka zo aka ce jirgin da ya ɗauki Ashafa ya faɗi a ƙasar Sudan, babu wanda ya fita. Wani ma'aikacin filin jirgi ne ya kawo jakar kayan aikinsa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Kakata Inna Dije ta yi takaba. A 1944 ta auri Malam Bature, mutumin kirki, shi ya riƙe Baba. Ta haifa masa 'ya'ya shida, ta fari a 1945. Baba ya tashi yana yi wa mahaifinsa addu'ar mamaci kowace salla.

Inna Dije ta rasu da daminar 1973, shekarar fari. Ba a yi shekara ba sai ga wani alhaji ya dawo daga Makka ya yi sallama a shagon Baba, ya ce mahaifinka yana raye a Madina, yana da shago da mata da 'ya'ya, yana gaishe ka. Ka auna, Balarabe. Mutum mai shekara talatin da ɗaya, ya gama binne uwarsa, a ce masa wanda yake roƙa wa gafara tun yana yaro yana can yana shan shayi. Baba ya ce wa alhajin, “Ubana ya rasu a jirgi.” Ya ci gaba da ɗinkinsa. Maganar ke nan har yau.

Ba jirgi ne ya dame shi ba. Shekara talatin na shiru ne. In littafinka yana da amsar wannan, ka aiko. In babu, ka bar tsoho ya yi Umrarsa, ni zan san abin da zan gaya wa Gwaggo.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi ko ka so,
Murja

*

Bani Harisa, Madina
27 ga Jimada Ula, 1446

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Na gode, har da zagin. Ina gaida Kawu in zai karɓa. Ummi ta yi zazzaɓi ranar Litinin amma ya sauka.

Ba mu taɓa sanin an yi masa sadakar arba'in ba. Ba mu san Inna Dije ta yi takaba ba. Mu a nan abin da muka sani shi ne yana da ɗa a Kano, an aika masa, ya ƙi amsawa.

Ga namu rabin, daga bakin Ummi. An ɗauke shi a ɗaya daga cikin jiragen nan zuwa Fashir, saboda akwai wani jirgi da wutsiyarsa ta yage yana jiran mai ɗinki. Bayan Jinaina inji ɗaya ya mutu, suka sauka da ciki a daji, jirgin ya kama wuta. Mutum uku suka fita: shi, da Turawa biyu. Ɗaya ya fito ba takalmi, ɗayan ƙafarsa ta ƙone ta kumbura, nasa ba ya shiga. Ƙasa kuwa duwatsu ne da ƙaya. Kaka yana da basilla da zare a aljihu, kullum suna jikinsa. Ya yanka rigar fata ta ɗaya daga cikinsu, ya auna ƙafafunsu da tafin hannu, ya ɗinka musu takalma a gindin bishiya, hannunsa na hagu a ƙone. Kwana huɗu suna tafiya kafin makiyaya su tsince su. Dukansu sun rayu. Ummi ta ce yatsunsa biyu na hagu a manne suke har ya rasu, da haka ya ɗinka takalman alhazai shekara talatin a Anbariyya. Ya yi wata bakwai a asibitin Hartum, sannan suka riƙe shi aiki a can har yaƙi ya ƙare. Ya aika saƙo Kano sau biyu ta hannun matafiya. Yanzu na gane bai isa ba.

Da wasiƙarki ta zo sai na raba shafi biyu, Kano a dama, Madina a hagu, na mayar da shekarunmu na Hijira zuwa naku. Abu biyu suka fito.

Ummi ta sha gaya mana cewa bayan yaƙi Kaka ya kama hanyar gida, wata uku yana tafiya, har ya kai Maiduguri. Ya sauka wurin dukawan Kano da ke kasuwar can. Ya kwana uku, sai ya juya gabas. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce, “Na je, na dawo.” Shekarar 1365 ce, wato 1946. A shafinku, lokacin Inna Dije tana ɗakin Malam Bature da goyo.

Na biyu. Ummi ta ce tun tana yarinya, in alhazan Kano suka zo shago, Kaka ba ya faɗin unguwarsu ko sunan mahaifinsa. Yakan ce shi mutumin Hartum ne. Amma sai ya yi ta tambayarsu labarin Dukawa, wa ya mutu, wa ya haihu, kamar mai son hira kawai. Sau ɗaya tak ya bayyana kansa, a Hajjin 1393. Ta tuna sarai domin shekarar aka sa mata rana. Ya rufe shago kwana uku, sannan ya nemi wani alhaji ya ba shi saƙo. Na duba, Hajjin 1393 ya faɗo a Janairun 1974. Shi ne Hajji na farko bayan rasuwar Inna Dije.

Yaya, ga abin da nake gani, kuma ina iya yin kuskure. A Maiduguri ya ji cewa shi mamaci ne, matarsa ta yi aure da halal, ta haihu. In ya shiga Kano, ko alƙali ya bar ta a ɗakinta, bakin mutane ba zai bar ta ba, ba zai bar yaran ba. Za a ce matar mutum biyu. Sai ya bar kansa a mace. Ya jira har ranar da maganar ba za ta taɓa ta ba, a Hajjin farko ya aika.

Ban ce ya kyauta wa Kawu ba. Yaro ne ya biya, ba a kuma tambaye shi ba. Babu wanda ya gaya mini wannan dalili, shekaru ne kawai na jera. Na kwana uku ina tunanin ko in aiko ko in bari, don kada in zama na ƙirƙira wa mamaci uzuri saboda ina son uwata ta ga ɗan'uwanta. Na karanta wa Ummi, ta yi kuka, ta ce ita ma akwai abin da za ta faɗa, amma ba na takarda ba ne, sai ido da ido.

In kin ga zai ƙara masa ciwo, kada ki karanta.

Balarabe

*

Dukawa, Kano
15 ga Disamba, 2024

Balarabe,

Muna lafiya, ka gaida Gwaggo da kyau.

Na karanta masa. Na fara da takalman, don na san nan zan kama shi. Ya tambaya, “Fatar riga? Ai ta yi laushi, sai ya ninka uku.” Na ce ban sani ba, ba a rubuta ba. Ya ce, “Ya ninka.”

Daga nan na zo kan shekarun. Ya sa na maimaita na Maiduguri. Can ya ce, “Lami ce a bayanta lokacin.” Ƙanwarsa ke nan ta wurin Malam Bature, wadda ya fi so duk cikinsu, ta rasu bara. Sannan ya ce, “Da ya shigo, da Lami ba ta yi aure a unguwar nan ba.”

Washegari ya kira ni ya ce alhajin nan na 1974 ya dawo sau biyu, shi ya ɓuya a bayan shago. Ban taɓa jin wannan ba. Ya ce shekara bakwai mahaifinsa ya yi yana jiran amsa.

Kada ka yi murna tukuna. Ya ce zai je maƙabartar Baƙi'a ya yi masa addu'a, wannan ya yi alkawari. Gida kuwa ya ce bai sani ba, wai da wane ido zai kalli 'yar da ta yi jinyar uban da shi ya ƙi amsa wa. Ka ga yanzu ba fushi ne ya rage ba, kunya ce, kuma ta fi wuyar magani. Suna sauka Madina ran tara ga Janairu. Ni ba zan samu zuwa ba. Ka je da kanka, kuma don Allah ka bar littafin nan a gida.

Murja

*

Bani Harisa, Madina
12 ga Rajab, 1446

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Kawu lafiya, ya ce in gaya miki ya sha maganinsa, ko da yake ban gani ba.

Na same shi jiya Asabar bayan sallar asuba a ƙofar Baƙi'a. Ban nemi a nuna mini shi ba, goshin Ummi ne da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Kai ne mai jirgi?” Na ce ni ne. Ya ce, “Ka cika surutu a takarda.”

Muka shiga ina tura shi a keken marasa lafiya. Ya ce in kai shi kabarin. Na gaya masa gaskiya: a nan ba a rubuta suna, duwatsu ne kawai, kuma bayan shekaru akan sake binne wasu a wurin. Na san ɓangaren, ban san ramin ba. Na ji kunya ƙwarai, ni da na san adadin jiragen da aka ba Rasha. Ya ce ba komai. Ya miƙe da sandarsa, ya yi sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce, “Shekara talatin na yi masa wannan yana raye, shekara arba'in na hana shi yana mace.” 

Da muka fito na ce mota tana nan, in kai shi masauki ko kuwa. Ya ce, “Ko kuwa me?” Na ce Ummi ta ƙi zuwa wankin ƙoda yau, ta ce sai an ɗaga mata zuwa yamma. Ya ce, “Wannan ai rashin hankali ne. Mu je in yi mata faɗa.”

A ƙofar gida ya tsaya. Ya cire takalmi, ya sake sawa. Na ɗauka zai juya. Sai Ummi ta ɗaga murya daga falo, don ba ta iya tasowa: “Ya Umar! Ta'al, shigo mana, ka tsaya kamar baƙo!”

Yaya, ni ban taɓa sanin sunan Kawu na yanka Umaru ba ne. Kowa Ɗan'inna yake cewa. Shi ma ya daskare, ya ce, “Wa ya gaya miki wannan sunan? Rabon da a kira ni da shi tun ina makarantar allo.”

Ta ce, “Wa zai gaya mini? A nan ana kiran mutum da sunan babban ɗansa. Mu huɗu ya haifa a Madina, duk mata. Larabawan kasuwa suka ce za su kira shi Abu Safiyya, ya ce a'a, yana da ɗa. Tun ina jaririya har aka ɗauki gawarsa, babu mai ce masa Ashafa a Anbariyya. Abu Umar ake cewa. Sau ɗari a rana yana amsawa.”

Na san ana ce wa Kaka Abu Umar. Na ɗauka laƙabi ne kawai irin wanda ake ba marar ɗa namiji. Ban taɓa tambaya ba.

Kawu ya cire takalmin, ya shiga. Ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, ta ce ya hau kujera, ya ƙi. Ta kama hannunsa tana juyawa tana kallon yatsun, tana magana rabi Hausa rabi Larabci, yana cewa, “Yi a hankali, Safiya, ban iya yarenku ba.” Na fita na ba su wuri.

Da yamma shi ya raka ta mustashfa. Ma'aikaciyar ta ce mutum ɗaya ake bari ya shiga da marar lafiya, ta tambaya wane ne a cikinmu. Na buɗe baki, Kawu ya riga ni. Ya ce in fassara mata, shi ne yayanta.

Awa huɗu na yi a waje a kan benci.

Ƙaninki,
Balarabe